Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Fa'idar Fifita Aiki a Kan Sakamako

Duk abin da ɗan Adam ya sa a gaba yana da ɓangare biyu: aikin da zai yi da hannunsa, da sakamakon da yake fatan ya biyo baya. Na farko yana cikin ikonsa. Na biyu kuwa ya rataya a kan abubuwa da dama da ba shi ke juya su ba. Manomin gero shi ke da sharar gona, da kai taki, da zaɓen iri, da shuka a kan lokaci, da noman firi da maimai. Saukar ruwan sama, da fari a tsakiyar damina, da farmakin tsuntsayen jan-baki, da kuɗin da buhu zai yi a kasuwar Dawanau bayan kaka, duk sun fi ƙarfinsa.

Fifita aiki a kan sakamako yana nufin mutum ya zuba mafi yawan hankalinsa da ƙarfinsa a kan ɓangaren da ke hannunsa, ya kuma riƙa auna kansa da shi. Burin yana nan, domin shi ke nuna inda aka dosa, amma abin da ake duba kullum shi ne takun da aka yi yau. Ta nan ne mutum yake ƙaruwa, saboda gwaninta da haƙuri da juriya duk a cikin aiki ake samun su, kuma suna zama tare da mai su ko an yi riba ko an faɗi.

Tushen wannan tunani

Musulmi sun san wannan rarrabewa a ƙarƙashin tawakkali. Malamai sun bayyana tawakkali da cewa mutum ya riƙi sababi iya ƙarfinsa, sannan ya dogara ga Allah game da abin da zai fito. Imam Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya haɗa biyun. Wani hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito yana kwaɗaitar da wanda ke riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da Alƙiyama ce ke shirin tsayuwa. A nan an kai maganar ƙarshenta, domin dashe ne da mai shi ya san ba zai ci 'ya'yansa ba, amma duk da haka dasawar tana da daraja. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya kawo misalin noma a littafinsa Ihya'u Ulumid Din don ya bambanta kyakkyawan fata da yaudarar kai: wanda ya gyara ƙasa, ya shuka iri mai kyau, ya ba shi ruwa, sannan ya jira falalar Allah, shi ne mai fata na gaskiya, wanda kuwa bai yi waɗannan ba yake jiran girbi, ruɗin kansa yake yi.

Wasu al'ummun ma sun iso wannan fahimta ta nasu hanyoyin. Epiktetus, wanda aka haifa wajen shekara ta 50 miladiyya a yankin da yake cikin Turkiyya a yau, ya yi zaman bauta a birnin Rum kafin ya sami 'yanci ya buɗe makarantarsa a ƙasar Girka. Darasinsa na farko shi ne mutum ya san abin da ke ƙarƙashin ikonsa, kamar niyyarsa da hukuncinsa da aikinsa, ya raba shi da abin da ba ya ƙarƙashin ikonsa, kamar suna da muƙami da ra'ayin mutane a kansa. Kafin shi, marubucin Rum Sisero ya kawo misalin maharbi: nasa ne ya gyara baka, ya daidaita kibiya, ya saki yadda ya kamata, amma da zarar kibiya ta bar tsarkiya, iska na iya karkatar da ita. A Indiya kuma littafin Bagabad Gita ya gina koyarwarsa a kan mutum ya sauke nauyin da ke kansa ba tare da ya ɗaure zuciyarsa ga amfanin da zai samu ba.

Bahaushe ya taƙaita wannan a karin magana. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, zomo kuma ba ya kamuwa daga zaune.

Abin da bincike ya gano

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan magana a kan mutane. A shekarar 1999 Lien Pham da Shelley Taylor na Jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjalas suka raba ɗalibai rukuni-rukuni 'yan kwanaki kafin jarrabawa. Aka nemi wasu su ɗauki 'yan mintoci kullum suna suranta kansu sun ci jarrabawa da maki mai yawa. Wasu kuma aka ce su suranta kansu suna karatun: lokacin da za su zauna, da wurin da za su zauna, da yadda za su buɗe littafi su kauce wa abin da zai ɗauke musu hankali. Rukuni na biyu ne suka fi yin karatu, suka fi samun kwanciyar hankali, suka kuma fi samun maki.

Gabriele Oettingen, 'yar ƙasar Jamus da ke koyarwa a Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana nazarin mafarkin ido biyu. A wani bincike da ta wallafa tare da Doris Mayer a 2002, an bi ɗaliban da ke dab da kammala jami'a har tsawon shekara biyu. Waɗanda suka fi yawan shagala da tunanin daɗin aikin da za su samu, su ne suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, suka fi ƙarancin samun tayi, albashinsu kuma ya fi ƙanƙanta. Bayanin da ta bayar shi ne, zuciya tana ɗanɗana daɗin nasara tun ba a yi ta ba, sai jiki ya yi sanyi kamar an riga an isa. Binciken ya kuma nuna cewa kyautata zato da aka gina a kan abin da mutum ya taɓa yi ya ga ya iya, shi yana taimakawa.

Akwai darasi a nan ga iyaye da malamai. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka ba yara 'yan firamare wasu tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa a Amurka. Bayan zagayen farko aka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma aka yaba musu ƙoƙarin da suka yi. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa basira suka fi saurin karaya, suka fi son a ba su masu sauƙi don kada sunansu ya zube, suka kuma fi yawan ƙara makinsu idan suna faɗa wa wasu yara. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka jure, suka ƙara ƙwazo.

Dalilin da ya sa aiki ya fi gina mutum

Dalili na farko shi ne fargaba. Wanda ya rataya darajarsa a kan abin da ba ya hannunsa, kullum zuciyarsa a tsinke take, fargaba kuwa tana cinye ƙarfin da ya kamata a zuba a aiki. Ɗalibin da ke kwana yana lissafin makin da ake bukata don shiga sashen likitanci yana ɓatar da daren da zai iya warware tambayoyi talatin a cikinsa.

Na biyu, sakamako yana jinkirin zuwa, aiki kuwa kullum yana nuna kansa. Mai koyon ɗinki zai iya shekara biyu bai buɗe shagonsa ba, amma kowace yamma yana iya ɗaga rigar da ya ɗinka ya ga inda layi ya karkace, gobe ya gyara. Wannan gyara na yau da gobe shi ne ainihin koyo.

Na uku, sakamako ba ya faɗin gaskiya kullum game da ingancin aiki. Direban da ya yi gudun wuce sa'a daga Kano zuwa Zariya ya isa lafiya, bai yi daidai ba, tsira ya yi. Manomin da ya yi komai a kan ƙa'ida fari ya ƙone masa gona, bai yi kuskure ba. Jonathan Baron da John Hershey sun nuna a 1988 cewa mutane sukan yaba shawarar likita ta yin tiyata idan majiyyaci ya rayu, su kushe ta idan ya mutu, alhali bayanan da likitan ya dogara da su iri ɗaya ne. Wanda ke koyo daga sakamako kaɗai yana iya riƙe mummunar ɗabi'a don ta taɓa yi masa rana, ya watsar da kyakkyawa don ta taɓa gamuwa da tsautsayi.

Darasi daga makarantar allo

Tsarin karatun allo misali ne na kusa. Yaron da aka kai gaban malam ba a ɗora masa izu sittin a ka. Ana farawa da babbaƙu, a wuce farfaru, sannan a shiga haɗa baƙi. Malam ya rubuta masa ɗan abin da zai iya ɗauka, ya biya masa, yaro ya koma gefe ya rungumi allonsa ya yi ta maimaitawa da ƙarfi. Idan ya iya, sai ya wanke allo, ya jingina shi a rana ya bushe, a rubuta na gaba. Tambayar da ke gabansa kowace safiya ɗaya ce: ya iya allonsa na yau ko bai iya ba.

Lissafin abin yana da ban sha'awa. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu kuma ana raba shi sumuni 8, wato sumuni 480 ke nan. Gardin da ke haddace sumuni ɗaya a rana, kwana biyar a mako saboda hutun Alhamis da Juma'a, zai kai ƙarshe a mako 96, ƙasa da shekara biyu. Amma mahaddata sun san cewa ƙarin sabon karatu shi ne mai sauƙi, aikin yana wajen tilawa, wato komawa baya kullum don kada abin da aka haddace ya zube. Alaramman da ke iya zama ya rubuta Alƙur'ani da ka, tun daga Fatiha har Nasi, ya kai nan ne ta dubban safiyoyi da darare na maimaici. Wannan ya dace da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, mai nuna cewa aikin da ya ɗore, ko da kaɗan ne, shi ya fi soyuwa ga Allah.

Manomin da ya dawo da daji

A arewacin Burkina Faso, a ƙauyen Gourga kusa da garin Ouahigouya, an yi wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo. Farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da farkon 1980 ya mayar da gonaki fako, ƙasa ta ƙeƙashe har ruwan sama ba ya shiga cikinta, mutane da yawa suka yi ƙaura. Shi kuwa ya koma gona ya ɗauko wata tsohuwar dabara ta haƙa ƙananan ramuka, wadda mutanen yankin ke kira zai, manoman Tawa a Nijar kuma suke ce mata tassa. Ya ƙara wa ramukan faɗi da zurfi, ya riƙa haƙa su tun da rani, yana zuba taki a ciki. Takin yana jawo gara, gara ta huda ƙasa, idan ruwa ya sauka sai ya taru a ramin ya nutse. Ya kuma jera duwatsu a gona don rage gudun ruwa, ya riƙa shuka irin itatuwa tare da gero da dawa.

Aikin mai wuya ne: sara fako da fartanya cikin zafin bazara, rami bayan rami, dubbai a hekta ɗaya. Mutane suka ce ya haukace. Babu wanda zai iya yi masa alkawarin ruwa zai sauka, itace kuma yana ɗaukar shekaru kafin ya yi inuwa. Abin da ke hannunsa shi ne ramin da zai haƙa a ranar, shi ya yi ta yi. Bayan shekaru kusan arba'in wurin ya zama daji mai faɗin hekta kusan 40, da itatuwa da tsirrai iri fiye da 60. Ya koya wa dubban manoma dabarar, aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ya rasu a watan Disamba na 2023.

Irin wannan ya faru a jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar. Tun daga 1983 manoma suka fara barin kututturen da ke tohowa a gonakinsu, su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Kowa gonarsa yake gyarawa, kututture ɗaya bayan ɗaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200, gawo da sauransu, a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Illar kwaɗayin sakamako

Idan sakamako ya zama shi kaɗai ake dubawa, mutane sukan nemi gajeriyar hanya zuwa gare shi. Satar amsa a jarrabawa daga nan ta samo asali: ana son takardar shaida, an manta da ilimin da takardar ke wakilta, sai a wayi gari da mai sakamako mai kyau wanda ba zai iya rubuta wasiƙa ba. Haka tsarin MMM ya ja ɗimbin 'yan Nijeriya da alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata ba tare da wata sana'a ba, har ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, dukiya mai yawa ta salwanta.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A watan Satumba na 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu kusan miliyan 2 da sunan mutane ba da saninsu ba, don su cika adadin da shugabanni suka ɗora musu. Ma'aikata kimanin 5,300 aka kora. An cika adadi, amana kuma ta tafi.

Matsayin buri da iyakar wannan tunani

Fifita aiki bai soke buri ba, bai kuma halatta rufe ido ga abin da aiki ke haifarwa ba. Matafiyin da bai san garin da ya nufa ba, saurinsa ba zai amfane shi ba. Ɗan kasuwar da ke buɗe shago kullum da sassafe amma jarinsa na raguwa wata bayan wata, dole ya zauna ya duba kayan da yake sarowa, da farashinsa, da bashin da yake bayarwa. Sakamako ma'auni ne da ake komawa gare shi lokaci-lokaci don a gyara aiki. Sawadogo kansa da haka ya inganta ramukansa, yana lura da abin da kowace damina ta nuna masa.

Barry Zimmerman da Anastasia Kitsantas sun gwada wannan a 1997 da 'yan mata 90 na sakandare da ke koyon jifa da ƙananan kibau zuwa allo. Waɗanda suka fara da kula da yadda ake riƙo da tsayuwa da saki, sannan bayan hannunsu ya faɗa suka koma duba maki, su ne suka fi kowa iyawa. Waɗanda suka sa ido a kan maki tun daga farko suka zo a bayansu. Tsarin ke nan: mai koyo ya fara da gyara aiki, idan ya ƙware sai ya riƙa amfani da sakamako wajen ƙara gogewa.

Wajibi ne kuma a kiyaye kada wannan tunani ya zama sandar dukan wanda bai samu ba. Talauci, da rashin tsaro, da rashin lafiya, da rashin adalci wajen ɗaukar aiki, abubuwa ne na gaske da ke tare hanyar masu ƙoƙari. Sanin cewa sakamako ba ya hannun mutum shi kaɗai ya kamata ya sa wanda ya samu ya yi tawali'u, wanda bai samu ba kuma a tausaya masa, al'umma ta tashi ta gyara abin da ke hannunta.

Yadda ake aiwatarwa

Matakin farko shi ne a mayar da buri aikin da za a iya yi yau. Mai son ya tara jari ya yanke abin da zai riƙa zubawa a adashi ko asusu kowace ranar kasuwa. Mai son cin jarrabawa ya tsayar da yawan shafukan da zai karanta da tambayoyin da zai warware kullum. Mai son lafiyar jiki ya ɗauki tafiyar minti talatin a ƙafa.

Na biyu, a sa wa aikin lokaci da wuri. Peter Gollwitzer da Paschal Sheeran sun tattara gwaje-gwaje 94 a 2006, suka ga cewa wanda ya ƙudurta tun farko yaushe, a ina, kuma ta yaya zai yi abu, ya fi mai niyya kawai cika abin da ya ɗauka. Salloli biyar suna sauƙaƙa wannan, domin sun riga sun raba yini: karatu bayan Asuba, lissafin ciniki bayan Isha'i.

Na uku, a fara da kaɗan, a yi haƙuri. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 na tsawon mako 12 suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a. Matsakaicin lokacin da abu ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66, amma ya kama daga kwana 18 har zuwa 254 gwargwadon mutum da nauyin aikin. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya bai rushe abin da aka gina ba. Wanda ya fasa yau, gobe sai ya ɗora daga inda ya tsaya.

Na huɗu, a riƙa rubuta aikin da aka yi a ɗan littafi, a kuma ware lokaci, ƙarshen wata ko ƙarshen zango, a duba sakamako. Idan hanya tana kaiwa, a ci gaba. Idan ba ta kaiwa, a nemi shawarar waɗanda suka riga, a canza dabara. A gida kuma iyaye su riƙa tambayar yaro abin da ya koya da inda ya sha wuya, kafin su tambaye shi na nawa ya zo a aji.

Mutum ba shi da tabbacin girbi, amma yana da ikon shuka, kuma abin da shukar ta koya masa ba fari ko faɗuwar kasuwa da za su ƙwace. Duk mai son rayuwarsa ta gyaru, ya dubi aikin da ke gabansa yau, ya kyautata niyya, ya yi shi da kyau iya ƙarfinsa, sauran ya bar wa Allah.